Farin Layi a Gangaren Dutse

Yana tsakiyar faɗuwa na leƙa ta saman katanga. Ba faɗuwar tsautsayi ba ce. Tsohuwar katifa ya shimfiɗa a tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da tankin ruwa, ya tsaya a gefenta da hular kwano a kansa. Sai ya sunkuyar da kafaɗa, ya manna haɓa a ƙirji, ya naɗe hannuwa, ya mirgina kamar buhun da aka sauke daga bayan mota. Ya ɗan jima a kwance yana kallon sama. Sannan ya tashi da ƙyar, ya karkaɗe wando, ya koma inda ya fara.

"Maƙwabci, lafiya kuwa?" na ce.

"Lafiya lau. Faɗuwa nake koyo."

"A wannan shekarun? Ni na ɗauka ita ce abu ɗaya da ba sai an koya mana ba."

"Wanda bai iya ba, hannu yake miƙawa ya tare ƙasa. Hannuna da naka kuwa yanzu ai busasshen kara ne. Tsaya ka ga ta hagu, ta fi kyau."

Na tsaya na gani. Ta fi kyau ɗin kuwa.

Maiwaya muke ce masa a layinmu, domin duk ƙarfinsa a kan turakun wutar lantarki ya ƙare, yana hawa yana jan waya. Yakan ce bai taɓa faɗowa daga kan turke ba, kuma ba jarumta ce ta hana ba, tsoro ne. Da ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu, sai ya sayo wani keke da ban taɓa ganin irinsa a hannun tsoho ba. Tayoyinsa masu kauri, da ƙuraje kamar bayan kada, ga wani ƙarfe a gaba da yake lotsawa ya dawo idan an danna. Ba na zuwa kasuwa ba ne. Na hawan dutse ne.

Dutsen yana bayan gidajenmu. In ka wuce gida na ƙarshe da wurin da ake zubar da ɓaraguzan gini, sai ƙasa ta fara tashi, duwatsu manya da ƙanana a warwatse, da wata siririyar hanya da awaki suka fitar. Samari sukan zo da kekunansu a ƙarshen mako su yi ta ihu. Shi kuwa da safe yake zuwa, ranakun da babu kowa.

Ni mai fenti ne, ko in ce dā. Gwiwoyina sun daina shiri da tsani. Karatuna bai yi nisa ba, abin da ke rubuce a jikin gwangwanin fenti dai ba ya gagara ta. Abin da ya rage mini shi ne kallon abubuwa. Ina da duwatsu masu huda a kan tagata, da wani cokali da na tsinta wanda tsatsa ta ci har ya zama kamar ganye. Tsohuwata, wato matata, tana ce musu tarkace. To mutum irina, a ba shi maƙwabcin da ke koyon faɗuwa kullum safiya, ai an gama masa komai.

Na haddace yadda yake shiri. Zai dafa bango ya yi ta lilo da ƙafa ɗaya, ya sauya, ya juya ƙugu kamar mai tankaɗe. Zai matsa tayoyi da babban yatsa. Zai ja birkin gaba, ya ja na baya, da yatsa ɗaya kowanne, yana kasa kunne kamar birkin zai gaya masa wani abu. Ya ɗaura abin kare gwiwa, ya sa safar hannu, ya cika gorar ruwa. In ya kai sama, sai ya sauke sirdin keken ƙasa kafin ya gangaro, wai don nauyinsa ya koma baya. Inda zuciyarsa ba ta kwanta ba, sauka yake yi ya tura. Ranar da bai yi barci sosai ba, ko ransa ya ɓaci, ba ya hawa.

"Samarin nan suna yi mini dariya in na sauka ina turawa," ya ce mini wata rana. "Na ce musu ku ƙashinku yana ɗinkewa kamar tsumma. Nawa in ya tsage, sai dai a kai shi a haka."

Abin da bai yi shiri da shi ba shi ne idonsa. Yanar ido ta fara rufe shi a hankali. Ya ce da farko kamar an hura wa madubi numfashi, daga baya kamar kana kallon duniya ta cikin labule. Wata safiya ya dawo yana ɗingishi, ƙaurinsa a ƙuje, jini ya gangaro cikin safa.

'Yarsa ce kaɗai ta rage tare da shi a gidan. Nas ce a babban asibiti. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata, kuma wallahi ta riƙe muƙamin. Ina jin su ta katanga tana wanke masa ciwon.

"Riƙe ƙafar nan wuri ɗaya, Baba."

"Wannan ruwan naki ya fi dutsen zafi."

"Dutsen bai san kana shan maganin da ke sa jini ya ƙi tsayawa ba. Ni na sani. Idonka ba ya gani, zuciyarka da ƙwaya take tafiya, kuma kana hawa inda akuya ma sai ta yi shawara."

"Uwata, ƙuje ne kawai."

"To ka ji da kyau. Ka sake shigowa gidan nan da ciwo, ko da irin na ƙaya ne, keken nan ya gama aiki. Ba wasa nake ba."

Da yamma ta dawo da sarƙa mai kauri da kwaɗo. Ba ta ɗaure keken ba. Ƙusa ta buga a bango daidai bakin ƙofar ɗakinsa, ta rataye su a nan, inda duk fita da shiga sai ya gan su. In iska ta kaɗa, ina jin sarƙar tana taɓa bango daga gidana.

Ya yi kwanaki bai hau ba. Yakan fito da keken tsakar gida, ya kifa shi a kan sirdi, ya juya feda da hannu, ya zauna yana sauraren tayar baya tana juyawa har ta tsaya. Mutumin da ba ya zama sai ga shi ya fara kama da kujerarsa. Ranar da ya ƙwanƙwasa ƙofata, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Fenta, kana da sauran farar ƙasa?"

"Akwai rabin buhu. Ɗaki za ka shafe?"

"Duwatsun ne suka ɓace mini. Da su da ƙasa duk sun zama launi ɗaya. Na san suna nan, na san kowanne, amma sai na zo kansu nake ganinsu."

Abin ya zo mana tare, kamar mutum biyu sun kai hannu kan kofi ɗaya. A shafa wa miyagun duwatsun fari. Mai yanar ido ko ba ya ganin komai ai yana ganin fari.

Tsohuwata ta bi mu da kallo muna fita, ni da bokiti da buroshi, shi da jarkar ruwa.

"Ina zuwa kuma, samarin jiya?"

"Kwangila muka samu," in ji Maiwaya. "Dutse za mu yi wa fenti."

"Allah ya sa a biya ku da hankali."

Ban taɓa hawa can sama ba sai ranar. Gari ya koma ƙasa, rufin gidaje kamar an zubar da akwatunan ashana. Shi kuwa sai ya zama kamar mai gabatar da danginsa. Kowane dutse da sunansa. Ga Kunkuru, wanda yake kwance a tsakiyar hanya da bayansa a kumbure. Ga Haƙori, mai tsini, yana leƙowa daidai kan kwana. Ga wasu biyu da yake ce wa Surukai, don suna fuskantar juna ba sa magana, kuma dole ka bi ta tsakaninsu a ladabce. Yana shafa su da tafin hannu yana nuna mini, ni kuma ina shafe su. Aiki na yi na gaske, shafi biyu kowanne, har cikin tsaga. Da muka sauko na waiwaya, sai na ga kamar garken fararen tumaki sun kwanta a gangaren suna jiran wani ya kira su. Na daɗe ban yi aikin da ya burge ni haka ba.

Kashegari, bayan Nas ta tafi aiki, ya hau. Ni na tsaya a ƙasa, ƙarƙashin wata bishiya mai inuwa inda hanyar take ƙarewa. Na hango shi ƙanƙane a sama, ya sauke sirdi, ya gyara hula. Ya taho a hankali, a tsaye kan feda, gwiwoyi a sake. Sai na ga wani abin mamaki. Kunkuru, wanda ya yi shekara da shekaru yana wuce shi ta dama ba tare da ya taɓa shi ba, keken ya nufe shi kai tsaye kamar an ja shi da igiya. Tayar gaba ta doke shi, ta baya ta ɗaga.

Bai miƙa hannu ba. Haɓa a ƙirji, hannuwa a naɗe, kafaɗa ta fara sauka, ya mirgina sau ɗaya ya tsaya a cikin ciyawa. Daidai yadda yake yi a kan katifa.

Na haura ina haki, gwiwoyina suna zagina. Na same shi a kwance yana kallon sama, yana dariya marar sauti.

"Ka karye?"

"Ban karye ba. Fenta, aikinka ne ya yi kyau da yawa."

"Kamar yaya?"

"Idona ya kasa barinsa. Duk duniya hazo, sai shi kaɗai fari tas. Keke kuwa inda ka kalla nan yake zuwa. Ni da bakina nake gaya wa samarin nan, kada ku kalli abin da kuke gudu, ku kalli inda kuke so taya ta bi. Sai ga shi mun hau da bokiti mun yi wa abin da nake gudu kwalliya."

Ya ɗaga hannun dama. Rigar ta yage a gwiwar hannu, fatar ta saɓule kamar faɗin murfin kwalba, jini yana fitowa a hankali ba ya niyyar tsayawa. Dariyar ta ɗauke. Mu biyu muka tsaya muna kallon wurin, kuma na san ba ciwon yake gani ba, ƙusar nan yake gani da abin da ke rataye a kanta.

Gidana muka shiga ta baya. Tsohuwata ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauko ruwan ɗumi da gishiri da tsohon mayafi mai tsabta ta yaga.

"An biya ku kenan," ta ce.

"Yaya, ki rufa mini asiri," in ji Maiwaya.

"Ni ba na kai ƙara, ba na kuma yin ƙarya. In ta tambaye ni, ka shiga uku. Danne nan da ƙarfi. Mutum da jikoki a wani gari yana ɓoye ciwo kamar wanda ya tsallake katangar makaranta."

Da yamma na ji Nas ta dawo. Ana zafi irin wanda ƙadangaru ma suke neman inuwa, shi kuwa yana zaune da riga mai dogon hannu, a rufe har wuyan hannu.

"Baba, sanyi kake ji?"

"Tsufa ne, Uwata. Yana shigowa ta hannu."

Sai na ji ta ce, "To," ta wuce ɗaki. Sarƙar ta taɓa bango sau ɗaya, iska ce.

Aiki na biyu ya fi na farko wuya. Sai da muka kwaɓa laka muka bi tumakin nan ɗaya bayan ɗaya muka mayar da su duwatsu. Raina bai so ba, amma na yi. Sannan muka koma sama. Ya riƙe keken yana tura shi a hankali, yana bin daidai inda tayoyi suke bi in yana kai, ni kuma ina biye da shi a duƙe, ina jan buroshi a kan sawun tayar baya. Layi ɗaya, faɗin tafin hannu. Inda ƙasa ce mai laushi da ba ta riƙe fari, muka jera ƙananan tsakuwa muka danna su, na shafe. Ta dama da Kunkuru. Nesa da Haƙori, a buɗe kwanar sosai. Ta tsakanin Surukai, a tsakiya cif.

Ya ɗauke mu kwanaki, don ba ma daɗewa. Ni bayana, shi numfashinsa. Yakan tsaya ya dafa sirdi, ya ɗora ɗaya hannun a ƙirji.

"Mene ne?"

"Gyatsa ce ta tsaya a hanya. Ci gaba."

"Ka gaya wa Nas?"

"In gaya mata gyatsa? Ci gaba, farar tana bushewa."

Ranar da muka gama, muka zauna ƙarƙashin bishiyar muka ɗaga kai. Layin ya sauko daga sama yana lanƙwasa, ya ɓace bayan wani dutse, ya sake fitowa, har ya zo ya tsaya kusa da ƙafafunmu. Ni sai na ga kamar wani a can sama ya saki zare daga ƙwarya ya manta bai naɗe ba. Na gaya masa.

"Ba zare ba ne," ya ce. "Waya ce. Duk wayar da na ja a rayuwata a sama take, mutane suna wucewa ƙarƙashinta. Wannan ce ta farko da zan hau kanta."

"Kana ganinta?"

"Ita kaɗai nake gani."

Bai hau nan da nan ba. Ya ce ba a hawa da ɗanyen ciwo, hannu ba ya sakewa. Ya jira gwiwar hannun ta kame. Kullum safiya dai katifa tana tsakar gida, ina jin faɗuwarsa ta katanga, dum, shiru, dum. A kwanakin nan na yi mafarkinsa. Na gan shi a kan keken yana tafiya a kan wayoyin layinmu daga turke zuwa turke, tsuntsaye suna matsa masa, yana ɗaga musu hannu. Da na ba shi labari sai ya tambaye ni ko da hular kwano a kansa. Na ce da ita. Ya ce to ba laifi.

Safiyar da ya hau, an yi yayyafi da asuba, ƙasa ta kwanta, ba ƙura ba santsi. Na ji ƙofarsu ta buɗe Nas ta fita, takalmanta suna sauri. Can sai ga shi. Ya yi lilon ƙafa a jikin katangata, ya matsa tayoyi, ya saurari birki.

"Ka yi barci?" na ce.

"Kamar jariri."

"Ranka a ɓace yake?"

"Da wa?"

"To mu je."

Hawan ya daɗe. Yana turawa yana tsayawa. Na raka shi har wajen Surukai, ya ce in koma ƙasa in jira, yana son ya tarar da mutum a can. Na sauko ina bin gefen layin don kada in taka.

Daga ƙarƙashin bishiyar na hango shi ya kai. Ya daɗe a tsaye, ban san me yake kallo ba, shi da ba ya gani. Sannan ya sauke sirdi, ya ɗora ƙafa.

Na sha ganin samari suna gangaro dutsen nan da ƙara da ƙura. Wannan ba haka ba ce. Ban ji sauti ba ko kaɗan. Ya taho kamar ɗigon ruwa a jikin waya bayan an ɗauke ruwan sama, yana tafiya yana ɗan tsayawa yana ci gaba, bai rabu da ita ba. Ya wuce Kunkuru ko kallonsa bai yi ba. A kwanar Haƙori ya kwantar da keken kaɗan, rigarsa ta cika da iska. Ya ɓace bayan babban dutse, ya sake fitowa. Ta tsakanin Surukai ya ratsa a ladabce. Rana ta fito daga bayan gajimare a daidai lokacin, layin ya haska, sai na ga kamar ba ƙasa a ƙarƙashinsa, shi da farin abin nan ne kawai a rataye.

Ya ja birki a gabana, da yatsa ɗaya kowanne. Ya sauke ƙafa. Ya sauka a hankali, ya jingina keken da bishiya, ya cire hula ya rataye a kan keken. Gashinsa ya jiƙe, fuskarsa ta yi wani haske da ban san ta da shi ba.

"Duba ni," ya ce.

Ya naɗe hannun riga, ya ɗaga ƙafar wando, ya juya a gabana kamar mai gwada sabon ɗinki.

"Akwai ƙwarzane?"

"Babu."

"Duba baya."

"Babu, Maiwaya. Ko ƙura."

"Kai ne shaida."

"Ni ne."

Ya zauna ya jingina da gindin bishiyar, ya miƙe ƙafafu. Na ba shi gorar ruwa ya kurɓa kaɗan.

"Ban ga dutse ko ɗaya ba," ya ce. "Ka san haka? Kamar an kwashe su."

"Suna nan. Ni na gan su."

"To ka riƙe su."

Na zauna kusa da shi. Ina ta ba shi labarin wani dutse mai huda da na tsinta wajen saukowa, yadda in ka kara shi a ido komai yake komawa nesa kuma ya fi kyau. Na ciro shi daga aljihu zan nuna masa. Da na juya sai na ga ya manna haɓa a ƙirji, ya naɗe hannuwa. Kafaɗarsa ta hagu ta sunkuya, ya tafi a hankali, a hankali, har ya kwanta a cikin ciyawa. Na ɗauka nuna mini yake yi. Har na buɗe baki zan ce ta hagun ta fi kyau.

Na jira ya tashi ya karkaɗe wando.

Wani direba da ya zo zubar da ɓaraguzai ne ya taimake ni muka sa shi a mota. A asibiti likita ya ce zuciya ce, kuma ta tsaya tun kafin mu iso. Na hango Nas ta taho a dogon barandan nan da fararen kayanta, tana tafiya ba gudu ba, kamar wadda aka riga aka gaya wa tun da daɗewa. Allah ya jiƙansa.

Bayan an kai shi makwancinsa, baƙi sun watse, 'yan'uwanta sun koma garuruwansu, ta shigo gidana wata yamma. Keken yana soro tun ranar, ni na turo shi gida. Ta gaishe da tsohuwata, ta tsaya tana kallonsa.

"Baba Fenta, tambaya ɗaya zan yi maka."

"Yi, 'yata."

"Faɗuwa ya yi?"

"Bai faɗi ba. Ya sauko lafiya, ya jingina keken da hannunsa, ya sa na duba shi gaba da baya. Ya ce ni ne shaida."

Ta gyaɗa kai. "Na duba shi ni ma. Babu komai sai na gwiwar hannu."

Na kalli tsohuwata. Tsohuwata ta kalli rufi.

"Ni nake wanke masa kaya," in ji Nas. "Tun ranar na gani. Wa kuke tsammani yake ajiye bandeji da auduga a kan teburinsa? Shi yana cewa wai tsintarsu yake yi." Ta ɗan yi murmushi, ya tsaya a rabi. "Na kai hannu kan sarƙar nan ba sau ɗaya ba. Sai in leƙa in gan shi ya kifa keken yana sauraren taya."

Can ta ce, "Ku me kuke yi a can sama da bokiti?"

"Zo ki gani."

Muka tafi, ni a gaba ina jan gwiwoyi, ita a baya da takalmanta na asibiti. A ƙarƙashin bishiyar na nuna mata inda ya zauna. Ba ta daɗe a nan ba. Layin ta gani, ta bi shi da ido har sama, sannan ta fara hawa. Na nuna mata Surukai, na nuna mata Haƙori. A wajen Kunkuru lakar ta fara zubewa, farin yana leƙowa, na gaya mata abin da muka yi da farko da yadda ta kaya. Ta yi dariya har ta dafa dutsen, sannan ta goge ido da bayan hannu.

Sai ta durƙusa. Yayyafin ranar ya sa tayoyin sun ɗauki jar ƙasa, sun buga ta a kan farin, ƙuraje-ƙuraje, kamar ɗinki. Ba a yi ruwa ba tun lokacin. Sawun yana nan a tsakiyar layin. Ta bi shi a duƙe, daga kwana zuwa kwana, tana neman inda ya kauce. Na bar ta ta nema har muka kai sama.

"Ko sau ɗaya," ta ce.

Da muka dawo ta tura keken da kanta zuwa gidansu. Na ji ta ciro sarƙar daga ƙusa, na ji ta jefa ta cikin wani abu mai ƙarfe, ta rufe.

Da safe na leƙa ta saman katanga, don jiki ya saba. Keken yana jingine a bango a inda yake zama, hular a rataye a kansa, ba a ɗaure shi da komai ba. Katifar ma ba a ɗauke ba. Wajen hagu ta lotsa daidai faɗin kafaɗa, kyanwar layinmu ta shiga lotsawar ta naɗe tana barci. Can bayan rufin gidaje, gajimare sun fara haɗuwa a kan dutsen, farin layin yana nan tukuna, wata akuya tana gangarowa a kansa a hankali, ƙafa bayan ƙafa.